Sannun da Sadiq Ya Yi da Turanci

A ƙofar gidan su Jamila da ke unguwar Kambarawa suka yi faɗan da Sadiq, shi yana jingine da Keke Napep ɗinsa, ita da takardu a hannu, idanu sun yi ja don karatu.

Jamila tana shekarar ƙarshe a sashen Turanci. Aiki ɗaya ya rage ta miƙa: ta naɗi hirar mutanen gida, ta mayar da ita Turanci, ta yi sharhi a kai. Bara malamin ya dawo mata da shi jajir da biro, shi ya sa aka ɗaga bikinta da Sadiq, don mahaifinta ya rantse sai ta gama. Yanzu ga Sadiq ya zo da saƙon mahaifiyarsa, Hajo, wai jira ya ishe ta, 'yan mata ba su ƙare a unguwarsu ta Ƙofar Guga ba.

"To ka bi maganarta mana," in ji Jamila, a gajiye. "Ni ban da ƙarfin roƙo."

Ya ja Napep ya tafi.

Washegari saƙonsa ya shigo wayarta. Kalma biyu: "Sorry Jamila."

Mai karatun Turanci kuwa ta san mai laifi ne ke faɗin wannan kalma. Shi ke nan, ya bi Hajo. Ta kifa wayar ta yi kuka mai isarta, ta share fuska ta koma kan aiki, don auren ya tafi, kada takardar ma ta bi shi. Ya yi ta kira, ta ƙi ɗauka.

Ranar miƙa aiki da hantsi tana kan gyaran ƙarshe. A hirar da ta naɗa, Innarta na tarbar Babanta daga kasuwa tana ce masa, "Sannu Malam, sannu." Jamila ta rubuta "sorry", sai hannunta ya tsaya. Nan ne fa malamin ya zagaye mata bara, ya tambaya a gefe: laifin me matar ta yi wa mijin?

Sai ta tuna Sadiq da Turancinsa na titi...

Ko mayafi ba ta gyara ba ta fito. Yana nan a ƙofa, ya zo kai ta makaranta, duk ya rame.

"Mi kake nufi da saƙon nan?"

"Gani na yi kin wahala, masoyiya," ya ce, yana sosa ƙeya. "Na ce bari in yi maki sannu da yarenku na 'yan boko. Innata kuwa na hwaɗa mata, ko shekara goma ce ina nan."

Dariya ta zo mata tare da hawaye. Ta shiga bayan Napep ta rungume takardunta.

"Daga yau da Hausa za ka riƙa yi mani."

Ya waigo, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Sannu, Jamila."