Kallabina a Ƙotar Hauyar Danda

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan labari. A aji uku na bar lakwal, hannuna bai saba da bik na rubutu ba, kuma ni ko a majami'a aka ce in yi addu'a da ƙarfi sai in kasa. Amma har yau in na tuna ranar nan sai in ji wuyana ya ɗauki zafi, shi ya sa na ce bari in sauke abin a takarda.

"Ki tattara kayanki, Sa'adatu. Gobe da safe kabu-kabu zai maida ki Tasawa."

Inna ce ta faɗa, mahaifiyar Ayuba, wadda majami'armu ta haɗo mu da ita don ta sa ido a kan 'yan mata. A gabanta ga ƙullin goro a kan tabarma, ta ture shi da yatsa ɗaya kamar garwashi.

"Inna, ku..."

"Ku mi? Mun zo aikin Ubangiji, ke kin zo neman miji. Ga goronki nan har ya iso."

Na juya na dubi Ayuba. Shi ne shugaban matasa, shi ne kuma wanda ya ce mani ba shi da wata sai ni. Yana tsaye jikin darni, idonsa a ƙasa.

Bai ce komai ba.

Wannan shirun ya fi mani maganar Inna ciwo.

Bari in koma baya kaɗan. Mu matasan majami'ar Tasawa mun zo wani ƙauye ne bayan Kanan Bakashe, a tsakiyar damina, don mu yaɓe ɗakin sujadarsu da ruwa ya cinye, mu kuma nome gonar Iya Lami, tsohuwar da 'ya'yanta suka tafi Aljeriya suka bar ta da ciyawa. Masu bi a garin ba su da yawa. Da maƙwabtanta Musulmi suka ga mun fito da hauyoyi, sai suka ce su ma ba a bar su a baya ba. Abin ya koma gayya, har da mai ganga. Wanda ya jagoranci samarin garin shi ne Danda, dogo, mai yawan dariya, in ya kama kunya ɗaya sai ya kai ƙarshenta kafin namu su yi rabi.

Ayuba kuwa mushe ne, wato malamin lakwal, alli ya sani. Kullum da safe kafin a fita aiki yakan zauna da ni bakin rumbu, ga 'yan'uwa suna kai da kawowa, ya buɗe Littafi in riƙa bi da yatsa. Haka muka yi ta fama da wuri ɗaya, inda aka koyar da cewa in ɗan'uwanka ya yi maka laifi ka fara zuwa wurinsa ku biyu, in ya ƙi ji sannan a kai ga jama'a. Ranar da na karanta shi ban tsaya ba, ya ce, "Sa'ata, wata rana ke za ki yi mana wa'azi."

Na rufe fuska da kallabi.

Inna ba ta taɓa son wannan zama ba. Ni ƙosai nake toyawa da mahaifiyata a tashar Tasawa. Ita kuwa Barira take so, 'yar dattijon majami'a, wadda ta gama babbar makarantar lise, ta iya jan waƙa da Faransanci. Inna ta yi suna a garinmu wajen guɗa, babu bikin da ba a neman maƙogwaronta. A gaban mata ta taɓa cewa, "Maƙogwarona ba ya buɗewa a kan mai tuyar ƙosai."

Ranar gayya, kafin rana ta take, tafin hannun Ayuba ya yi bororo ya fashe. Daga inda nake dama fura na hango yana yarfe hannu yana ɓoyewa. Na cire ɗan koren kallabin da ke kafaɗata, wanda na yi wa baki da zare ja da hannuna, kowa ya san nawa ne. So nake ya naɗe hannunsa. Amma in ratsa gona cike da maza? Ƙafata ta ƙi.

Barira ta leƙo. "Kawo in kai mashi, ƙawata. Ai zan wuce ta can da ruwa."

Har na gode mata.

Da aka yi hutu, maza suka jingine hauyoyi a gindin aduwa suka zo shan fura. Suna komawa sai matan garin suka ɓarke da guɗa, mai ganga ya sake kiɗa. Danda ya ɗaga hauyarsa sama, ga koren kallabina ɗaure a ƙotar.

A lokacin ne Iya Lami ta kama hannuna. "Ɗiyata, a garin nan in budurwa ta ɗaura kallabinta a hauyar saurayi ranar gayya, ta zaɓa ke nan. Da saninki?"

Na sunkuyar da kai. Hawaye kawai. Su kuma suka ɗauka kunyar amarya ce.

Bayan azahar gwaggon Danda ta kawo goron gaisuwa. Shi ne goron da Inna ta ture.

Abin da ya ƙona mani rai, babu wanda ya tambaye ni. Ko mutum ɗaya. Barira ta riga ta gaya wa Inna wai tun ranar da muka sauka idona ke kan Danda. Aka ji nata, aka yanke hukunci, aka kira mai kabu-kabu. Ni da ake maganar a kaina ina nan zaune kamar turmi.

Na shiga ɗaki na fara cusa kaya a buhu. Ina cusawa ina huci. Sai hannuna ya taɓo Littafin da Ayuba ya ara mani, da tsinken da muka sa a wurin karatunmu. Na zauna. Na ce, "Ubangiji, kai ka san ba ni da baki. In kana so in yi magana, sai ka ara mani."

Na samu Barira a bayan madafa tana wanke ƙoruka, ita kaɗai.

"Barira... don mi kika yi mani haka?"

"Na yi maki mi?"

"Ayuba na ce ki kai wa."

Ta yarfe ruwan hannunta. "Pardon. Hauyoyin duk iri ɗaya ne."

"To zo ki faɗa wa Inna haka."

Ta yi dariya, ta dube ni sama da ƙasa. "Ke je ki faɗa mana. Ke da ko amin sai an matsa kunne ake jin taki. Vraiment, Sa'a, ki hau moto ki tafi da mutuncinki. Ayuba ba tsaranki ba ne."

Na tsaya ina kallonta. Tsoron da na saba ji na neme shi na rasa. Fushi ya cinye shi.

Kafin rana ta faɗi aka taru sujadar yamma a tsakar gidan Iya Lami. Ayuba ya ja waƙa da muryar da ba tasa ba. Da ya ce ko akwai mai roƙon addu'a, sai na ga kaina a tsaye.

Kowa ya juyo.

"Ina... ina da magana."

Inna ta ce, "Zauna, yarinya."

"Inna, ku yi haƙuri, ba ni zama." Na juya ga jama'a. "An koya mani in ɗan'uwa ya yi laifi a fara zuwa a tambaye shi. Mushe Ayuba ne ya koya mani, da yatsa na bi. To ni wa ya zo ya tambaye ni? Kallabina ne, gaskiya ne. Barira na ba ta kai wa Ayuba ya naɗe hannunsa, don ya fashe. Na je wurinta mu biyu, ta ƙi. Shi ya sa na kawo gabanku."

Barira ta miƙe. "Kuskure ne. Ina zan san al'adar ƙauye?"

Iya Lami ta matso da fuskarta. "Ke ba jikar Hamani ba ce na unguwar rijiya, nan garinmu? Uwarki a gonar can ta gabas ta ɗaura wa ubanki kallabi, ni na yi guɗar. Kullum sai ta ba da labarin. Ke ce ba ki sani ba?"



Ayuba ya ɗago hannunsa, tafin duk ƙasa ta shiga ciwon. A hankali ya ce wa Barira, "Hauyata ma ba ta gindin aduwa. A hannuna take, kin wuce ni da tulun ruwa."

Barira ta durƙushe ta fashe da kuka. "Tun muna yara nake son shi... ita daga zuwa..."

Ban ji tausayinta ba a lokacin, ba zan yi ƙarya ba.

Inna ta daɗe tana kallon goron nan. Can ta ce, "An yi maki ba daidai ba." Iyakar abin da ta ce ke nan, ko sunana ba ta kira ba.

Ayuba ya ce zai je ya karɓo kallabin. Iya Lami ta girgiza kai. "Kallabin gayya ba a aike a karɓo shi. Mai shi ke zuwa ta kwance da hannunta, a gaban waɗanda suka ga an ɗaura, ta faɗi dalili da bakinta. In ba haka ba yana nan a matsayin alkawari."

Inna ta dube ni. "Gaban 'yan'uwa daban, gaban gari daban. Mai kabu-kabu dai na riga na kira. In ba ki iyawa ki hau, mu ba su haƙuri bayan kin tafi."

Na gane. In na hau, kallabina ya zauna a gidan Danda, sunana kuma ya riga ni isa Tasawa.

Da aka watse Ayuba ya biyo ni bakin rumbu.

"Sa'ata..."

"Kar ka kira ni haka."

"Na yi laifi."

"Ka yi."

"Da na ga kallabin sai kaina ya ɗaure. Na ga Danda... na ga hannuna... na ce ko ke ma kin ga abin da kowa ya gani."

"Sai ka yi shiru aka kira ni mai neman miji a gabanka? Ba ka da baki ne? Ni ce aka sani da rashin baki, Yaya Ayuba, ba kai ba. Wurin da ka sa na yi ta maimaitawa har harshena ya gaji, ashe ni kaɗai aka rubuta wa?"

Idonsa ya kawo ruwa. "Na iya karanta shi, ke kika yi shi. Ki yafe mani, zuciyata. Ki bari mu yi addu'a tare."

Na so in ƙi. Amma na durƙusa nesa da shi kaɗan. A ranar shi ya kasa magana, ni na yi addu'ar. Na roƙa masa baki, na roƙa wa kaina sanyin zuciya, da ƙyar na saka sunan Barira a ƙarshe.

Washegari da safe mai kabu-kabu ya iso yana ta danna ƙaho. Inna ta fito da Barira da jakarta. "Tunda ya ƙona esansi, wannan ta hau."

Na ce, "Inna, ku bar ta. Akwai sauran yaɓe, wa zai kwaɓa laka?"

Inna ta dube ni, ta dubi fararen takalman Barira. Ta sallami mai moto.

Na kama hanyar gona. Gari duka yana can, don sauran noman. Ina ratsa kunyoyin gero mai ganga ya tsaya da kiɗa. Na isa gaban Danda. Na durƙusa na gaishe shi.

"Malam Danda, ka yi haƙuri. Ba ni na ɗaura ba, kuma ba kai aka nufa ba. Ba raini ba ne. Na zo in kwance."

Ya yi 'yar dariya, ya miƙo ƙotar. "To ai ni ma na yi mamaki. Yarinyar da ko takalmina ba ta taɓa kallo ba? Kwance abinki, ƙanwata. Goron kuma a raba wa 'yan gayya."

Ƙullin ya yi tauri, Barira da zuciya ɗaya ta ɗaura shi. Da haƙori na kwance.

Ayuba yana can ƙarshen kunya, ya naɗe hannu da tsumma. Na nufe shi. Jama'a suka buɗe mani hanya. Na kama ƙotar hauyarsa.

Ya yi ƙasa da murya. "Sa'ata... yanzu kin san ma'anarsa fa."

"Na sani. Amma ban huce ba."

"Zan jira."

Na ɗaura, na ja da ƙarfi, na ƙara wani ƙullin a kai.

Matan garin ba su riga sun buɗe baki ba sai guɗa ta tashi daga bayana, doguwa, mai kaifi, irin wadda duk Tasawa ta san mai ita. Ban waiwaya ba, don kada kunya ta kayar da ni a gaban gari. Na sunkuya na ɗauki ƙwaryar fura, na fara kai wa Inna.