Furen Ƙuduji

Ranar da Halliru ya fara ganin Maijidda, ruwa ya roƙe ta, ba na sha ba, na jiƙa launi.

Ɗan magatakardan hakimi ne a Ƙaraye. Baturen Gona ya ɗauke shi aikin zana furanni da launin ruwa. Ya zo Zoza a keke, gorarsa ta ƙafe, ita kuma tana dawowa daga kai abinci gona. Ta tsiyaya masa, ta tsaya kallon yadda launi ke bin ruwa har ya zama furen yakuwa.

"Malam Mai Fure," ta ce a hankali, "wannan ma aiki ne?"

Tun daga nan kekensa ya san hanyar Zoza.

Da ya so yi mata kyauta, sai ya zaɓi furen da ya fi burge shi, wani ja-ja mai haske da ya cika gonar babanta. Kwana uku yana zanawa. A ƙasa ya rubuta da ajami: "Hasken idona, na ga wannan a gonarku, na ce ke ce."

Ƙuduji ne, ciyawar da ke tsotse saiwar dawa. Halliru bai taɓa noma ba, bai sani ba.

Malam Ilu, mahaifinta, shekara uku ke nan gonar ba ta cika masa rumbu ba. Da ya ga takardar, ya ce yaron ya zana asirinsa don Bature ya gani, ya kuma kamanta 'yarsa da abin da ke kashe gida. Ya hana shi zuwa. Muntaka, ɗan maƙwabcinsu, ya fara yawaita gaisuwa.

Saƙonta ya zo: "Malam Mai Fure, ba ni da yadda zan yi. Na ɓoye takardar, amma hawayena ya ɗiga, furen ya narke. Me ya sa ba ka tambaye ni sunansa ba?"

Halliru ya tura dattawa neman aurenta, aka mayar da su. Sai ya ajiye buroshi, ya shiga gonar yana tuge ƙudujin da hannu. Kwana goma sha tara. Tafinsa ya yi kanta, Bature ya ba wani aikinsa, dawar kuma ba ta farfaɗo ba.

Ran nan Malam Ilu ya tsaya a kansa.

"Yaro, ba zai ƙare ba. Shekara uku ina tugewa."

"Na gane, Baba."

"To me kake yi?"

"Ban san wani abin da zan yi ba."

Dattijon ya daɗe yana kallon hannayen. Ya ce a tara ƙudujin a ƙone kafin ya zubar da iri. Har ya juya, sai ya ƙara cewa, "Ka sake turo manyanka."

Bayan kaka aka ɗaura aure, dangi suna ta sa albarka. Amarya ta ajiye masa ruwa a ƙoƙo da farar takarda.

"Zana mini wani, Malam Mai Fure. Amma ni zan zaɓa."

Furen gyaɗa ta zaɓa.