Wuƙar da Ba Ta Fita Kube Ba

Ranar kasuwar Kankiya wani sa ya tsinke igiya, ya faɗa layin masu hatsi. Ya soki wani tsoho a ciki, ya tattake ƙorai, ya nufo Khairiyya, ɗiyar Malam Babba na Kusada, wadda tsoro ya kafe a wuri ɗaya. Sai wani saurayi ya faɗa tsakanin ƙahonin ya rungume wuyan, yadda mahauta ke yi. Ƙaho ya farke masa cinya, bai saki ba sai da aka kayar da san.

Yana kwance cikin jini ya ɗago ya tambaye ta ko ta ji ciwo. Sunansa Ma'aruf.

Ba irinsa Khairiyya ke so ba. Ita mai aikin ofis take jira, mai mota da turare. Ta dai nemi lambarsa don ta yi masa sannu, gaisuwar kuwa ta zama ta kullum.

Ya rubuto mata: "Hasken idona, yau na taka ƙafar. Ba ni da boko, ba ni da mota, ƙarnin nama kuma ba ya barin rigata. Gara ki sani tun yanzu."

Ta amsa: "Na sani, jarumina. Sai mu yawaita sabulu."

Da maganar aure ta taso, Malam Babba, Allah ya jiƙansa, ya ce gidan malamai ba ya haɗa jini da mahauta. Ga kuma Zahradeen, ɗan abokinsa, yana zuwa daga Abuja da farar mota. Khairiyya ta shiga motar sau biyu, sanyinta ya yi mata daɗi, ta yi sati uku ba ta amsa wa Ma'aruf ba.

Wata rana Zahradeen ya karɓi wayarta ya ga saƙonnin. Da Ma'aruf ya zo Kusada jin dalilin shirun, Zahradeen da abokansa biyu suka tare shi da gora a ƙofar gidan Malam. Khairiyya tana zaure tana kuka tana gani. Suka karya masa hannu, suka zubar masa da haƙora biyu. Wuƙar yanka tana ƙugunsa, kowa yana ganin kuben, amma bai ko taɓa ta ba. Fitowar Malam ce ta kore su.

Malam ya durƙusa ya tambaye shi mi ya hana shi kare kansa.

"Malam, wuƙar da nake kiran sunan Allah a kanta ba a nuna wa mutum ita. Haka ubana ya koya mini."

Malam ya kwance rawaninsa ya ɗaure masa hannun.

Mai ɗori ya ce hannun ba zai ƙara miƙewa sosai ba. Khairiyya ta je dubiya da ƙanwar babanta, ta faɗa masa gaskiya, motar ce ta ruɗe ta. Ya yi dariya da giɓinsa ya ce har yanzu dai ba shi da mota. Ta ce ta ji, ta kuma yarda.

Bayan an cire gyaɗa aka ɗaura auren. Wani ƙanen Malam ya yi gunaguni a masallaci, wai an ba mahauci ɗiyar malamai. Malam ya juyo ya dube shi.

"Na ba wanda ba zai dake ta ba. Ku ɗaga hannu mu yi musu addu'a."

Aka shafa. Aka kai ta Kankiya, ɗaki ɗaya na laka. Allah ya ba su zaman lafiya da 'ya'ya masu albarka.