Siginar Babur ɗin Marigayi Tibila

Da la'asar sakaliya tsohuwa Pogbi ta turo babur ɗin mijinta, marigayi Tibila, zuwa garejin Rasmane da ke bayan kasuwar Kudugu. Jikarta za ta fara hawa, birki kawai take so a duba.

Rasmane kuwa irin makanikan nan ne da suka yi wata biyu a Wagadugu suka dawo suna ganin kowa baƙauye. Ya taɓa babur ɗin da ƙafa, ya taɓe baki.

"Iya, wannan ai gwangwani ne. Ko sigina ba ya yi."

"Bar siginar nan, ɗana. Marigayin da kansa ya kashe ta."

Ko saurarenta bai yi ba. Ya kwance kwan fitila, lafiya lau. Ya duba fis da batir, ba matsala. Da ya ɗaga kujera sai ga wayar siginar an datse ta da wuƙa, an ɗaure bakin da jan ƙyalle.

Pogbi ta rage murya. "Wani abu ya biyo shi daga hanyar dam tun yana saurayi. Abin ba ya iya zaɓen hanya da kansa. Duk mararrabar da ya zo, sai an nuna masa."

Rasmane ya yi dariya har da riƙe ciki. "Aljani mai bin dokar hanya kenan. Ku dai tsofaffi, in kun sha giyar dawa ba abin da ba ku gani."

Ya yar da ƙyallen a kwata, ya haɗa wayar. Fitila ta fara ƙyaftawa. Ya haye da sunan gwaji, yana hura hanci, tsohuwar na kiransa bai waiwayo ba.

Rana ta faɗi, hayaƙin masu gasa kaji ya rufe titi. A mararrabar farko ya danna siginar dama, don dai 'yan gari su ga yadda ake tuƙin birni.

Nan ya fara jin takun.

Ƙafa ce ba takalmi, jiƙaƙƙiya, tana dukan kwalta. Ya duba madubi. Ba kowa. Sai warin laka da ruɓaɓɓen kifi.

Ya ƙara wuta. A mararraba ta gaba babban yatsansa ya danna hagu da kansa, saboda sabo. Takun ya karyo kwana tare da shi, ya ƙara matsowa.

Kujerar baya ta ɗan nutse, kamar an dafa ta.

Wani sanyi ya sauka a ƙeyarsa. Wata murya ta ce a hankali, daf da kunnensa, "Ina muka nufa, Tibila?"

Duk iya yin nan ya zube, tsoro ne zalla.

Ga wata mararraba a gaba. Maganar tsohuwar ta faɗo masa. Ya danna hagu, ya bar fitilar tana ƙyaftawa, sannan ya fizge kan babur ya yi dama.

Nauyin ya sauka. Ya ji takun ya yi hagu da gudu, yana nisa.

Sai da ya faɗa cikin kwata a gaban wani shagon ɗinki, gwiwa a fashe, ya fizge wayar da hannu yana haki, sannan ya tuna wace hanya ce ta hagun. Layin gidansa ne. Gida ɗaya ne tak a ƙarshensa, kuma matarsa Noeli na ciki tana tuƙa tuwo.

Yanzu a gareji yake kwana, kan kwali, tsakanin tsofaffin tayoyi. Ba ya yi wa kowa dariya.

Noeli ce ke kawo masa abinci da rana. Ta ce su ba a taɓa su ba. Amma kullum da magariba tana samun sawun ƙafa biyu jiƙaƙƙu a bakin ƙofa, sun fuskanci titi.

"Jiranka ake," ta ce. "Kada ka zo."