Wanda Ya Roƙi Rana a Damina

Ranar da Munir ya fara ganin Raliya, ba soyayya ya fito nema ba, inda zai sa caji yake nema. Sabon mushe ne, wato malamin makaranta, a lakol ɗin ƙauyen su Raliya, kullum daga Cadawa yake zuwa, kilomita ashirin da takwas. Motonsa, wato babur ɗinsa, na lantarki ne, ba ya shan mai. Wanda ya sayar masa ya rantse zai yi kilomita tamanin a caji ɗaya, amma yashin hanya bai san da wannan rantsuwar ba. Da ƙyar yake yin arba'in da biyar, don haka kullum komawa gida ce abin tunani.

Aka nuna masa gidan Malam Nomau, mai faifan sola biyu a kan rufi. 'Yarsa Raliya ce ke yi wa mutanen gari cajin waya a zaure.

"Wace irin waya ce?" ta tambaya, ba ta ko ɗago ba.

"Moto ne."

Ta ɗago ta dube shi, ta leƙa ta dubi moton, dariya ta ƙwace mata. "Mushe, wanga ai sai ya shanye mana ranar duka, wayoyin gari su wuni da yunwa."

"Ki ba shi ko kurɓi ne, ya kai ni gida."

Kurɓin nan ya zama na kullum. Da safe ya jona, bayan azahar ya dawo, ya duba ya ce bai cika ba, ya nemi wuri ya zauna. Ita ma ta daina musa masa. Ta sa masa suna Mai Shan Rana, shi kuma da isarsa Cadawa sai ya rubuto: "Ranata, na iso lafiya, saura layi ɗaya a batir. Zuciyar kuwa na baro ta nan zaure, ki kula mini da ita."

Hambali, mai sayar da mai a kwalba, ya daɗe yana son Raliya. Ga shi an zo da moton da ba ya sayen mai, kuma mai moton na neman ɗauke masa yarinya. Haushi biyu ke nan.

Ruwan farko ya sauka, aka yi shuka, sai sama ta ɗauke har kwana goma sha shida. Hatsi ya fara lanƙwashewa a gona. Kowa idonsa na gabas, ba mai iya zama wuri ɗaya.

Ran nan hadari ya haɗu tun hantsi, ya rufe rana, sola ya ƙi ja. Munir ya duba batir, ya dubi sama, bakinsa ya riga hankalinsa.

"Kai, Allah ya sa hadarin nan ya wuce, rana ta fito!"

Bai san Malam Nomau na tsaye bayansa da hauya a kafaɗa ba. Hadarin kuwa ya watse, ko ɗigo bai sauka ba.

Da hannunsa Malam Nomau ya cire wayar cajin. "Hatsina na mutuwa, kai kana roƙon rana a ƙofar gidana? Wanda bai san ciwon manomi ba, ba ya auren ɗiyar manomi. Ɗauki abinka."

Kafin la'asar Hambali ya kai labarin har bakin rijiya.

Ba caji, ba zaure. Kullum moton ya mutu saura kilomita goma sha ɗaya, Munir ya sauka ya tura cikin yashi. Raliya ta kasa ci, ta kasa zama, har tana haɗa wa mutane wayoyinsu a cajar da ba tasu ba. Tsoro take ji ƙwarai, don Hambali ya fara turo manyansa gaisuwa. Ta rubuta: "Baba bai huce ba. Ka koma moton haya mana, ƙafafunka fa."

Ya amsa: "Bakina ya jawo, bari ƙafafuna su biya. Ki yi ta addu'ar ruwa, Ranata, ni ma ita nake yi."

Rana ta ashirin da uku gari ya fita roƙon ruwa. Munir ya tsaya a sahun ƙarshe, kansa a ƙasa. Da yamma sama ta yi baƙi, aka kece da ruwa.

Malam Nomau na dawowa daga gona a amalanken shanu ya hango mutum a hanyar Cadawa. Moto a jingine jikin bishiya, mai shi tsaye tsakiyar ruwa, ya ɗaga hannu sama yana ta hamdala shi kaɗai. Ya ja igiya ya tsaya.

"Mushe, yau ba rana. Ba ka ji haushi ba?"

"Wallahi Baba, mako guda ruwan nan nake roƙo."

"Don hatsina, ko don ɗiyata?"

Munir ya sauke hannuwansa. Ya san amsar da ta fi daɗin ji, amma ya kasa faɗin ta.

"Don ɗiyarka na fara, Baba. Da na yi ta tura moto ta gefen gonaki ina ganin yadda suka koma, sai na haɗa da hatsin."

Malam Nomau ya dube shi, ruwa na bin gemunsa. Can ya kwashe da dariya.

"Da ka ce don hatsi kaɗai, da nan zan bar ka. Kama, mu ɗora abin nan. In an yi girbi ka turo magabatanka."

Raliya na bakin zaure ta ga amalanke ya shigo, Babanta a gaba, Munir a baya rungume da moto, jiƙe sharkaf. Ta rufe fuska da gyale, kuka da dariya suka zo mata tare.

Bayan an cika rumbu aka ɗaura aure. Malam Nomau ya dafa kan angon ya ce, "Ga amana nan na ba ka. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari."

Munir ya shafa fuska ya ce amin.