Baƙon da Iska Ta Bar Mana

"Ni fa na kasa gane ki, Ripeka! Eh ne ko a'a?"

"Murdo, don Allah rage murya... Mama tana jin mu."

"Ta ji mana! Dutsen nan ma ya gaji da jin wannan maganar."

Muna tsaye a kan falalen dutsen da muke sauke kaya, shi riƙe da igiyar ƙaramin kwalekwale, ni rungume da buhun gishiri. Can cikin teku babban jirgin da ya kawo shi yana ta tangaɗi, mai jirgin yana yafito shi da hannu.

Murdo saurayina ne, kuma yana aiki a jirgin da ke kawo mana kaya daga garin Bluff idan danginmu suka tare a tsibiri don kamun 'ya'yan wani tsuntsun teku da muke kira titi, mai ƙyanƙyasa a cikin rami. Ya samu babban aiki a Ostareliya, ana jiran sa da zarar kakar bana ta wuce. So yake mu yi aure mu tafi tare.

Son sa kam ina yi, har cikin ɓargo. Abin da na rasa shi ne yadda zan bar Mama ita kaɗai da Poua, kakana, mahaifinta, wanda ciwon mantuwa ya ci ƙarfinsa. Bana ma da ƙyar likita ya yarda muka zo da shi.

"Ka ƙara min lokaci..." na faɗa a hankali.

"Lokaci, lokaci! Peka, ba ki ce eh ba, ba ki ce a'a ba. Ni da wanne zan kama?"

Kafin in buɗe baki wata ƙatuwar igiyar ruwa ta taso ta maka kwalekwalen a jikin dutse. Da ƙyar muka ja shi sama, gefensa a tsage. Sararin kudu ya yi baƙi ƙirin.

Muna shiga bukka, jiƙe sharkaf, muryar mai jirgi ta fito daga rediyon oba-oba da ke kan kanta.

"Kuini, kina ji na? Ba zan iya tsayawa ba, zan gudu in fake. Ki riƙe min yaron nan har iska ta kwanta!"

Mama ta ajiye abin maganar, ta juyo ta dubi Murdo tun daga sama har ƙasa.

"Ka san dokar wurin nan. In ba jininmu ba, ko wanda ya auri jininmu, ba mai kwana a tsibirin nan."

"Na sani, Anti Kuini. Sai dai in koma da iyo."

"Da ka iya, da na ba ka tawul." Ta nuna waje da haɓa. "Rumfar figar tsuntsu tana can. Akwai buhuna."

"Mama! Cikin wannan sanyin?"

"Ke kuma wa ya sa da ke?"

A lokacin ne Poua ya ɗago daga kujerarsa ta bakin murhu. Ya ƙura wa Murdo ido.

"Hemi?... Hemi, kai ne? Ostareliya ta sake ka?"

Gabana ya faɗi. Hemi ƙanin Poua ne, wanda ya tafi Ostareliya yana saurayi bai sake dawowa ba. Ko Mama a hoto kawai ta san shi.

Murdo ya dube ni, ni ma na dube shi. Sai ya durƙusa ya kama hannun tsohon.

"Na dawo, yaya."

"Shege! Ka yi ƙiba." Poua ya fashe da dariya, hawaye na bin kumatunsa. Ya waiwayo gare ni. "Hariata, zuba masa shayi mana, kin tsaya kamar gunki!"

Hariata sunan marigayiya kakata ne. Ya daɗe yana kira na da shi.

Sannan ya nuna Mama, ya yi ƙasa da murya. "Wannan matar kuma, ku lallaɓa ta. Nas ce, faɗa gare ta."

Mama ta miƙe. Ta ɗauki bokiti ta fita cikin ruwan sama, alhali tankinmu cike yake.

Haka muka wuni muka kwana, muka sake wuni, iska tana dukan kwanon rufi kamar za ta ɗage bukkar ta jefa a teku. Poua ya ƙi cin abinci sai da Hemi a gefensa, don haka dokar Mama ta koma ta kwana kawai. Murdo ya zage yana aiki. Ya fasa itace, ya ɗaure rufin bayan gida da igiya, ya zauna figar titi har gashin tsuntsu ya cika masa gemu.

"Ba haka ake yi ba!" Mama ta fizge tsuntsun. "Ka yaga fatar. Wa zai ci wannan?"

"Ni zan ci, Anti."

"Ai kuwa kai za ka ci."

Na ga ta juya tana ɓoye murmushi. Da ta lura ina kallon ta, ta haɗe rai.

Ni kuwa kaina ya ƙulle. In na dubi Murdo yana ba Poua miya a baki, sai in ji ko bangon duniya ya ce mu je zan bi shi. In na dubi Mama tana wanke zanen gadon mutumin da ya manta ya haife ta, sai in ji kunyar kaina ta rufe ni.

Wata rana da hantsi na kai masa shayi rumfa. Ya riƙo hannuna.

"Masoyiyata, in tafiyar ce matsala, sai in je in jira ki. Ki zo daga baya."

"Daga bayan me?"

Ya sunkuyar da kai.

"Faɗi mana, Murdo! Daga bayan me? Bayan Poua ya mutu?" Na fizge hannuna. "So kake kullum in na ji ya yi tari, wani ɓangare na zuciyata ya ce wataƙila lokaci ya yi? Ba zan iya ba... wallahi ba zan iya ba!"

"Ban nufi haka ba, Peka."

"Na sani. Amma can maganar take ƙarewa."

"To me kike so in yi?"

"Ban sani ba! Ina so ka tafi, ina so ka zauna... ban sani ba!"

Na fice da gudu, shayin ma a kan takalminsa ya ƙare.

Washegari da safe iska ta fara sassauci. Ihun Mama ne ya fito da ni daga bayan gida.

"Ripeka! Baba ba ya nan!"

Kujerarsa wayam. Babu rigarsa ta zuwa coci, babu tsohuwar jakar kakata da ke rataye bayan ƙofa.

Muka bazu cikin kurmi muna kira. Ƙasar tsibirinmu duk ramukan titi ce, in ka taka ba daidai ba sai ƙafarka ta nutse har gwiwa. Na faɗi, na tashi, na sake faɗi.

Murdo ne ya hango shi. Yana zaune a bakin wata gaɓa mai tsayi ta arewacin tsibirin, ƙafafunsa na lilo a kan teku, jakar a cinyarsa. Ƙasar da ke ƙarƙashinsa ruwa ya jiƙa ta, tana zubewa kaɗan-kaɗan.

Mama ta yunƙura za ta ruga, Murdo ya tare ta.

"Anti, in ya gan ki zai firgita. Bari ni."

Na ga yadda maganar ta soke ta. Amma ta tsaya.

Ya kwanta rub da ciki, ya riƙa jan jiki a hankali.

"Yaya, me kake yi a nan?"

"Jirgi nake duba muku. Ya makara."

"Matso nan mu duba tare. Daga nan an fi gani."

Poua ya ɗan juyo, Murdo ya cafke bayan rigarsa ya fizgo shi. Suka mirgino tare cikin taɓo. Inda yake zaune ya ɓalle ya tafi ƙasa, ko ƙararsa ba mu ji ba.

Na zube a gabansa ina kuka. Shi kuwa ko a jikinsa. Ya share min fuska da hannunsa mai taɓo, ya ɗora min jakar a cinya.

"Daina kuka, Hariata. Na haɗa miki kayanki. Hemi ya dawo ɗaukar ki." Ya yi murmushi. "Na san shi kika fara so. Kin zauna da ni, kin yi haƙuri, ya isa haka. Je ki, yarinyata. Ba na fushi."

Na ɗago na dubi Mama. Bakinta a buɗe.

"Mama... gaskiya ne?"

"Ina zan sani?" Ta dafe ƙirji. "Ban taɓa ji ba. Ko ciwon ne, ko... oh Allah, ina zan sani?"

Na buɗe jakar. Cokula ne a ciki, da safa ƙafa ɗaya, da gwangwanin madara.

Murdo ya goyo shi har bukka. Bayan mun yi masa wanka ya yi barci, Mama ta zauna kusa da ni a bakin ƙofa.

"Kin ji abin da ya ce. Ki tafi."

"Ba da ni yake ba, Mama. Da kaka yake."

"To ni da ke nake." Ta share hanci da bayan hannu. "Ban taɓa ce miki ki zauna ba, Ripeka. Amma ban ce ki tafi ba, don tsoro nake ji. In kika tafi, a gidan nan ba sauran wanda ya san sunana."

Na rungume ta. Ta ba ni izinin da na daɗe ina nema, kuma a daidai lokacin na tabbata ba zan iya amfani da shi ba.

Da rana jirgi ya dawo, aka aiko wani kwalekwale. Na raka Murdo falalen dutse.

"A'a ce, Murdo," na faɗa, ban iya kallon idonsa ba. "Ka je ka yi rayuwarka. Kar ka jira ni."

Ya daɗe yana kallo na. Ya sumbaci goshina, ya shiga kwalekwale.

Na koma na kwanta da takalmina. Mama ba ta yi min faɗa ba. Na yi daidai? Na yi wauta? Duk wadda na tambayi zuciyata sai ta ce eh.

Da yamma Mama tana soya titi, oba-oba ta yi ƙara.

"Bukkar Anti Kuini, bukkar Anti Kuini... Murdo ne. Ripeka tana kusa?"

Na diro daga gado. Mama ta zare ido. Layin nan kowace bukka a kowane tsibiri tana jin sa.

"Murdo, kowa fa yana ji!"

"Su ji. Na kira mutanen Ostareliya tun muna hanya, na ce su ba wani. Akwai jirgin masunta a Bluff da ke neman ma'aikaci."

"Ka yi hauka? Aikin da ka daɗe kana mafarki!"

"Shi fa."

"Za ka yi nadama..."

"Wataƙila. In yi ta a kusa da ke. Kin ce a'a ga tafiya, na ji na yarda. Yanzu aure nake tambaya, shi kaɗai. Peka, abar ƙaunata, za ki aure ni?"

Na danne abin maganar. Na saki.

Sai wata murya ta tsoma baki, ta Anti Mereana daga tsibirin da ke kallon namu.

"Ke Ripeka, amsa masa mana! Tukunyata na kan wuta!"

"In ba ta so ni ina so!" wata tsohuwa ta faɗa daga wani wurin, ana ta shewa a bayanta.

Mama ta karɓe abin daga hannuna.

"Ku yi mana shiru, magulmata! Kai Murdo."

"Na'am, Anti."

"Ka san abin da kake shiga? Baba zai ƙara lalacewa ne, ba warkewa zai yi ba."

"Na sani."

"Kuma gobe yana iya ce maka ɓarawo ya kore ka da sanda."

"Sai in fita in sake shigowa."

Mama ta yi dariya cikin kuka. Ta miƙo min, ta gyaɗa kai.

"Eh..." na ce. "Eh, Murdo! Eh!"

Rediyon ya kaure da ihu da bugun tukwane daga ko'ina. Hayaniyar ce ta tashi Poua. Ya ɗago yana rarraba ido.

"Lafiya? Me ya faru?"

Mama ta durƙusa a gabansa ta riƙe hannayensa biyu.

"Aure za a yi, Baba. Ripeka ce za ta yi aure."

"Ripeka?" Ya yamutsa fuska, ya dubi Mama da kyau. "Haba Kuini, wane irin aure? Yarinyar da ko haƙori ba ta gama yi ba!"

Mama ta kifa kanta a cinyarsa ta saki kuka, shi kuma yana shafa gashinta yana ta mitar titi na ƙonewa a kan wuta.