Robar Jirgin Baba Bohumil

"Yau ma ba ka faɗa masa ba?"

Radim ya ɓoye hannayensa a baya, amma Zdenka ta riga ta ga busasshen gam a yatsunsa.

"Zuciyata, na buɗe baki ke nan sai ya ce in riƙe masa fiffike..."

"Fiffike! Asabar uku ke nan kana zuwa neman aurena kana komawa da gam a hannu. Ni kake so ko jirgin?"

"Haba Zdenka..."

"Babu wani haba! Jibi masu ba ni aiki a birnin Ostrava suke son amsata. In gobe ta wuce ba ka yi magana ba, na karɓa na tafi. Sai ka auri Baba!"

Ta ja ƙofa har gilashi ya girgiza.

Ba wai doka ta hana ta aure sai da yardar uban ba. Amma tun rasuwar mahaifiyarta ita kaɗai ta rage wa Baba Bohumil, ita da jiragensa. Da ya ajiye gyaran taragon birnin Brno, sai ya koma ƙera ƙananan kwafin tsofaffin jiragen sama, da siraran katako da takarda shara-shara, doguwar roba a ciki tana juya farfela. Wannan ja ɗin mai kujera biyu, sanyin shekara biyu ya ci yana ƙera shi. Mutumin da ke auna fenti da ma'aunin gwal kuwa, ba a yi masa maganar aure a tsaye.

Lahadi da hantsi suka fita fagen ciyawa na bayan gari. Tsofaffi sun hallara da akwatunan jiragensu da burodi da tsiran nama.

A fagen nan doka ɗaya ce. In mutum ya ja robarsa yana murɗawa yana ƙirge, ko tari ba a yi. Murɗi ya gaza, jirgi ba ya tashi. Ya zarce, roba ta tsinke.

Kullum Zdenka ce ke riƙe jirgin. Yau tsohon ya miƙa wa Radim.

"Riƙe shi kamar ƙwai. Dubu ɗaya zan yi."

Ya ja roba ya fara. "Ɗari huɗu... ɗari biyar..."

Zdenka ta tsaya a bayan uban, ta zaro takardar aikin daga jaka, ta ɗaga wa Radim ita. Nufinta ya yi magana in an gama murɗi. Ina! Mai tsoro in ya tashi yin jarumta ba ya duba lokaci.

"Ɗari takwas da..."

"Baba, ina son in auri Zdenka!"

Bakin tsohon ya tsaya, hannunsa bai tsaya ba. Ya murɗa, ya ƙara murɗawa, ya ƙara.

Tas!

Robar ta koma cikin jirgin kamar bulala, ta farke shi daga hanci har wutsiya. Jar takarda ta watsu a ciyawa.

Zdenka ta dafe kai. "Na shiga uku! Yanzu na ce maka? Yanzu?"

"Ai ke kika ɗaga takarda..."

"Ɗagawa na yi, ban ce ka yi ihu ba!"

Tsoho Vlastimil, abokin hamayyar uban na shekara talatin, ya taso yana tauna burodi. "Bohumil, barka. Ka yi suruki, ka rasa jirgi. Bana kofin gasa nawa ne."

"Rufe mini baki, mai jirgi kamar akwatin gawa!"

Sai ya juyo kan Radim, gashin bakinsa na rawa.

"Mako uku ina ba ka kujera, ina ba ka shayi, ina jira. Ka rasa lokacin magana sai a ɗari takwas da sittin?"

"Ka gafarce ni, Baba..."

Radim ya durƙusa yana tsince ɓaraguzan ɗaya bayan ɗaya cikin hularsa. Ya ɗaga wani guntu. "Fiffiken hagu bai karye ba. In muka sake haƙarƙarin ciki..."

Tsohon ya sunkuya, ya gyara tabarau. "Mu gani. Wutsiyar fa?"

Zdenka ta dubi ƙeyoyin nan biyu a haɗe kan hula, hawaye ya kece mata, na takaici ne ko na me, ita ma ba ta sani ba.

"Baba! An tambaye ka aurena! E ko a'a?"

Bai ko ɗago ba.

"Yarinya, mutum uku suka taɓa karya mini jirgi. Biyu gudu suka yi. Ta ukun ta tsaya tana tsincewa, ita ta haife ki." Ya share hanci da bayan hannu. "Ku sa rana. Amma ba cikin Yuni ba, akwai gasa."

Ta cusa takardar Ostrava a jaka, ta durƙusa tsakaninsu tana shessheƙa.

"Matsa, sarkin wauta," ta ce wa Radim, ta kama hannunsa ta matse. "Kana taka farfelar."